Milimita Biyar

Umma ta ba ni zuwa Juma'a. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ne da na san yadda zan yi da shi. Tana ninke wankin Baba ta ce in kawo mata takardar likita, da sa hannu, cewa idon Mai Fenti ba zai mutu ba. In babu takarda in bar maganarsa, ita kuma za ta ce wa Mai Kemis ya turo manyansa.

Shekarata talatin da ɗaya. Ina da aikina, ni ke ɗaukar hoton cikin jikin mutane a asibiti, da na'urar nan mai kama da ƙaton zobe da ake tura mutum ciki a kwance. Ba mai ɗaure ni ya kai ni gidan wani. Amma ba zan iya yin aure Umma na kuka ba, ita ma ta san haka, shi ya sa ba ta wahalar da kanta da ɗaga murya.

Dalilinta kuwa yana zaune a tsakar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya. Baba malamin makaranta ne kafin ciwon ido ya rufe masa duka biyun. Shekara goma sha huɗu ke nan Umma na riƙe da bakin sandarsa: asibiti, ofishin fansho, gidan ta'aziyya, har bakin banɗaki in an yi ruwa ƙasa ta yi santsi. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sai dai kafaɗarta ta dama ta karkace, kuma ko ita kaɗai take tafiya, sai ka ga tana rage sauri a bakin kwata.

Mai Fenti mai rubuta allunan shaguna ne. Shekara biyu da suka wuce asibitinmu ya ɗauke shi ya sabunta rubutun ƙofofi. Da ya zo ƙofata sai ya leƙo ya roƙe ni tsofaffin fallayen hoto, baƙar robar nan da muke buga hotuna a kai. Ya ce masu sana'arsu na yanka haruffa a jikinta, su ɗora a bango su fesa fenti, ba abin da ya kai ta ƙwari.

Na sha mur na ce masa hoton mara lafiya amana ne, ba kwalin sabulu ba. Ya yi dariya ya ce lallai 'yar malam ce wannan. Washegari ya dawo da nasa fallen, ban tambaye shi inda ya samo ba, ya rubuta ƊAKIN HOTO da jan fenti, sumul. Tun daga ranar sunan 'Yar Malam ya bi ni, kuma shi kaɗai nake amsa wa.

Wata takwas da suka wuce idonsa na hagu ya fara turowa waje. Kaɗan ne da farko, kamar mai mamaki. Sai ciwon kai a goshi, sai ya fara ganin layi ɗaya ya zama biyu. In yana aiki sai ya runtse idon, ya ce wai salon gwanaye ne.

Mai Kemis ne ya fara kai wa Umma labari. Shagonsa na bakin layinmu, a wurinsa muke sayen maganin ɗigawar Baba, kuma shekara uku ke nan yana aiko mini da gaisuwa ina mayar masa da ita yadda ta zo. Ba shi da muni, yana da mota, yana kuma sa farar riga irin ta likitoci ko da omo zai sayar maka. Kallo ɗaya ya yi wa Mai Fenti daga bayan kanta ya yanke hukunci: ciwon daji ne, ya ga irinsa, wata shida sai sanda. Ya yi ruwa ya yi tsaki a maganar har Umma ta daina amsa gaisuwar Mai Fenti da fara'a.

Na gaji. Wallahi na gaji da bayani a gida, na gaji da lallashi a waya. Ran Litinin na sa Mai Fenti a gaba sai asibiti.

Rabon aiki ya faɗo a kaina, abokin aikina yana hutu. Na kwantar da shi, na gyara masa kai a ma'ajinsa, na ɗaura madaurin goshi, na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa: kada ya motsa, kada ya haɗiyi yawu. Ya ce in ina kusa ba zai iya alkawarin na biyun ba. Ban yi dariya ba.

Na koma bayan gilashi na danna. Hotunan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana yanka burodi, tun daga haƙora zuwa sama. A kogon da ke cikin ƙashin goshi, daidai rufin gurbin ido, sai ga shi. Fari fat, dunƙule kamar tsakuwa, gefensa a goge. Ya danno rufin ƙasa, ya tura idon gaba.

Na san abin da na gani. Shekara tara ina wannan aiki. Amma dokar ɗakinmu ɗaya ce: mai ɗaukar hoto ba ya faɗin sakamako, ko uwarsa ce a kwance. Da na kwance masa madaurin ya kafe ni da ido, mai lafiyar da marar lafiyar.

"Likita za ta yi maka bayani," na ce.

"Ni ma, 'Yar Malam?"

"Kai ma."

Likitar da ke karanta hotunanmu dattijuwa ce, a bayan idonta Anti Rula muke ce mata, don ba ta yarda da komai sai ta auna. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba daji ba ne. Ƙashi ne ya yi tsiro, ba ya yaɗuwa, ba ya kisa, mutane da yawa na yawo da irinsa ba su sani ba.

Amma ba ta gama ba. Ta ce nasa ya zauna a mugun wuri. Tsawonsa milimita goma sha tara. In ya daɗe a haka ya tsaya, za ta rubuta cewa a bar shi a riƙa dubawa. In kuwa girma yake, to sai an yi aiki an cire kafin ya matse jijiyar gani, aikin kuma a bakin ido yake, ba mai ba da tabbaci. Hoto ɗaya ba ya nuna girma. Ko a jira wata shida a sake, ko a kawo tsohon hoto in akwai.

Sai a lokacin ya faɗa, kansa a ƙasa. Shekara uku da suka wuce ya faɗo daga tsani, aka yi masa hoton kai a wani ƙaramin asibiti da tuni ya rufe. Sun ce akwai ɗan wani abu a goshi, ba komai ba ne. Fallen na wurinsa.

Anti Rula ta ce ya kawo. Ya ce to. Irin "to" ɗin da na sani, wanda babu komai a bayansa.

Talata bai kawo ba. Laraba da na tashi aiki na wuce shagonsa. Ɗan ɗaki ne mai warin kananzir, gwangwanaye a jere, allunan mutane jingine da bango suna bushewa. Na tarar da shi zaune bai taɓa buroshi ba. Na tambaye shi hoton. Ya ce yana nema. Na ce saura kwana biyu, in ba ya sona ne ya faɗa mini in huta, don ni ƙarfina ya ƙare.

Ya tashi ya zaro wani abu daga bayan akwatin fentinsa ya miƙo mini.

Falle ne, ya yi kauri da busasshen jan fenti. An huda shi da manyan haruffa daga wannan gefe zuwa wancan. ƊAKIN HOTO.

Na zauna a kan gwangwani ban san na zauna ba.

"Kin hana ni na mutane," ya ce. "Kin ce amana ne. Sai na ce to nawa kan ai nawa ne."

Na so in yi masa masifa, na rasa ta inda zan fara. Ni na hana shi, kuma ko yau ya sake tambaya zan sake hana shi. Shekara biyu ina shiga ƙofar nan kullum, ashe da ƙoƙon kansa aka rubuta ta. Hawaye suka zubo mini, na haushi da na tausayi a haɗe. A ƙasan fallen, can kusurwa, na ga wasu ƙananan haruffa da babu su a ƙofata. Na karanta, na kau da kai, na naɗe fallen a jakata na fita ban yi masa sallama ba.

Alhamis tun kafin marasa lafiya su fara layi na kulle kaina a ɗakin hoto da auduga da kwalbar kananzir. Irin wannan falle ƙananan hotuna ne ashirin a jere, kamar tagogin bene, kowanne da ɗan ma'auninsa a gefe. Reza ta bi ta kan yawancinsu. Na yi ta gogawa a hankali, fentin na narkewa yana ɓata mini yatsu, ina addu'a ban ma san me nake roƙo ba.

Tsakanin harafin K da I aka bar tazara. A nan na same shi. Taga ɗaya cikakkiya, tsiron a tsakiya, ma'aunin a gefe bai taɓu ba.

Na ɗora a allon haske na auna. Na sake aunawa. Na canza rula na auna na uku.

Goma sha huɗu.

Milimita biyar cikin shekara uku. Bai kai faɗin ƙwayar wake ba, amma ya isa ya raba ni da shi.

A haka Mai Fenti ya ƙwanƙwasa ya shigo, bai yi barcin kirki ba, ga alama. Bai tambaye ni ba, fuskata ya duba, sannan ya dubi allon. A wannan karon doka ba ta yi mini amfani ba.

Ya jingina da ƙofa. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa ce.

"Wa ya gani bayan ke?"

Na ce babu.

"To ki ce fenti ya cinye. Likita za ta rubuta ba daji ba ne, a dawo bayan wata shida. Umma za ta karɓi wannan. Kafin wata shida an ɗaura. Daga nan a yanka ni yadda aka ga dama."

Na yi wannan tunanin kafin ya shigo, ba zan yi ƙarya ba. Ɗigo biyu na kananzir da ɗan kankara da farce, shi ke nan taga ta tafi. Ba mai sani har abada.

"In cikin wata shidan ya kai jijiyar fa?" na ce.

"Ina da ɗayan."

"Kai da kake cin abinci da layi madaidaici?"

"Zan koyi wata sana'ar. Ke ce ba zan samu wata ba." Ya share fuska da hannun riga. "Shekara biyu ina zarya a ƙofar gidanku. Na gaji, 'Yar Malam. Na gaji da zama abin dubawa. Kowa ya gan ni idon yake kallo, ba ni ba. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki kau da kai."

Kuka ya ci ƙarfina. Na ce masa ina sonsa, son da ban taɓa faɗa da baki ba sai ranar. Na ce amma in na goge tagar nan, duk safiyar da ya tashi ya lalubi bango zan san ni ce. Kuma matar da za mu yaudara ita ce wadda ta san nauyin sanda fiye da kowa a duniya. Ba zan iya kallon idonta ba.

Ya ce to na zaɓa ke nan. Na ce ban zaɓi komai ba, aunawa kawai na yi. Ya buɗe ƙofa ya fita.

Anti Rula ta auna ta samu abin da na samu. Ta kalli haruffan, ta kalle ni ta saman tabarau, ba ta ce komai a kai ba, Allah ya saka mata. Ta rubuta takarda zuwa ga likitocin tiyata, aka sa rana, sati shida masu zuwa. Da yamma Mai Fenti ya turo mini saƙo, layi ɗaya: zai zo aikin, kuma in nuna wa Umma duk abin da nake so, kansa ai ya saba zama allo.

Juma'a da la'asar na shiga gida da takarda a hannu ɗaya, fallen a ɗayan. Motar Mai Kemis na bakin layi, ya ɗago mini hannu baki har kunne, wai ko an samu sakamako. Na ce masa an samu, kuma in ya sake gano wa wani ciwon daji daga bayan kanta, ni da kaina zan cire masa farar rigar. Ya sauke hannun.

Umma na tsakar gida tana yanke wa Baba farce. Na durƙusa na faɗa mata duka. Ba daji ba ne. Yana girma. Za a yi aiki. Yawanci ana dacewa, amma ba likitan da zai sa hannu cewa idon zai tsira. Takardar da ta nema babu ita.

Ta ajiye abin yankan farcen. Ta tambaye ni ko da zan iya ɓoye mata. Na ce da zan iya. Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"Kin ɗauka ƙinsa nake," ta ce. "Yaron kirki ne, na sani. Amma ke ba ki san abin ba. Kina fita aiki ki dawo ki tarar an yi wanka an ci abinci, ki ce sannu Baba. Ba ki san yadda ake ƙirga matakala da baki ba. Ba ki san a ce miki ga biki ki fara tunanin wa zai zauna da shi ba. Shekara goma sha huɗu ban yi tafiyar da hannuwana biyu suke nawa ba. Ban yi nadama ba, Allah shaida. Amma na gaji, 'yar nan, gajiyar da barci ba ya saukewa. Ni ban zaɓa ba, samuna ya yi. Ke kuma kina gani da idonki za ki shiga."

Duk wannan a gaban Baba. Ban taɓa jin ta faɗa ba, na tabbata shi ma bai taɓa ji ba. Ya kashe rediyon.

Can ya miƙo hannu ya ce in ba shi abin da yake jin yana ƙara a hannuna. Na ɗora masa fallen a cinya. Ya shafa, yatsunsa suka faɗa cikin hudar farko, suka tsaya. Sai suka fara bin gefen harafin a hankali, kamar yadda yake bin rubutun ɗalibai da jan biro a da.

"Ɗa... kin... ho... to," ya ce.

Umma ta ɗago kai. Rabon da Baba ya karanta wani abu da kansa, tun ina makarantar koyon aiki.

Yatsun suka gangara kusurwa, suka sami ƙananan haruffan. Ya daɗe a kansu, ya bi su sau biyu.

"'Yar Malam." Ya yi ɗan murmushi. "Bai manta ɗigon da ke gaban Y ba. Yaron ya iya rubutu."

Bai ce a ba yaron ni ba, bai ce a hana shi ba. Ya juya fuskarsa wajen da Umma take ya ce mata a hankali, "Ki yi haƙuri. Ban san ya kai haka ba."

Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na matsa zan riƙe ta, ta ɗaga mini hannu. Da ta gama, ta share ido, ta miƙe ta ɗauko sandar Baba daga jikin bango. Inda take riƙewa ya yi santsi, ya yi baƙi, har ya ɗan lotsa.

Ta kama hannuna ta ɗora a wurin.

"Sati shida kika ce kafin aikin. To daga yau zuwa ranar, ke za ki ja shi. Safe da yamma, da aikinki da komai, ba zan taɓa sandar nan ba. In ranar ta zo kika ce har yanzu kina so, ni da kaina zan aika wa mutanen yaron, ko idon ya tashi ko bai tashi ba. In kin kasa, ba zan yi miki gori ba. Amma ba za ki sake kawo mini maganarsa ba."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na ji ƙarar gado, ta kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Baba ya ce lokacin ɗan tattakinsa ya yi. Ya miƙe ya kama ɗaya bakin sandar. Ban zaci tana da nauyi haka ba in mutum na bayanta. Na yi gaba da saurina na asibiti, sandar ta fizge, ya yi tuntuɓe da bokiti, na riƙo shi da ƙyar.

Ko taku biyar ba mu yi ba.

"A hankali, 'Yar Malam," ya ce. "Akwai tudu a bakin ƙofa. Uwarki takan ce mini ɗaga."

Na kalli tudun da na yi shekara talatin da ɗaya ina tsallakewa ban san da shi ba. Na gyara riƙo.

"Ɗaga, Baba," na ce.